Ba a Fafe Gora Ranar Tafiya: Yanke Shawara Sa'ad da Lokaci Ya Ƙure

Jawabin da anka gabatar wa matasa a taron tunawa da kafuwar ƙungiya



Godiya ta tabbata ga Allah da Ya tara mu a wanga zama lafiya. Tsira da aminci su ƙara tabbata ga Manzonsa da alayensa da sahabbansa. Iyayenmu malamai, shugabannin ƙungiya, ƙannena samari da ƴan mata da kunka taso daga Maraɗi, Damagaram, Tawa, Yamai da sauran garuruwa, sannunku da hanya, barkanku da zuwa.

An ce in yi magana kan gaggawa: me ke samun hankalin mutum idan zai yanke shawara a kan abu mai haɗari, ga shi kuma lokaci ya ƙure masa. Babu wanda bai san wannan hali ba a cikinku. Ɗan kabu-kabu ya san shi, ranar da fasinja ke dukan bayansa yana cewa a yi sauri motar Yamai za ta tashi. Ɗalibi ya san shi, sa'ad da anka ce saura minti 10 a karɓi takardun jarrabawa. Wanda anka taɓa kira da tsakar dare anka ce ya turo kuɗi yanzu yanzu, shi ma ya san shi.

Abu guda nake so ku koma gida da shi. Shawarar da ke cetar mutum a lokacin gaggawa, tun kafin gaggawar ta zo ake yanke ta. Iyayenmu sun riga mu faɗa: ba a fafe gora ranar tafiya.

Abin da gaggawa ke yi wa hankali

Idan mutum ya ji lokaci na ƙure masa, jiki yakan saki wani sinadari da ake kira adiranalin. Zuciya ta ƙara bugu, numfashi ya yi sauri, jini ya tafi ga damatsa da ƙafafu. Wannan rahama ce. Shi ke sa ka yi tsalle in ka ga maciji, tun ba ka tsaya tantance kububuwa ce ko gamsheƙa ba. Amma rahamar tana da nata kuɗin. Hankali yakan tsuke, ka koma kamar mai leƙe ta kafar ƙofa: abu guda kake gani, sauran ɗakin duka ya ɓace maka.

Lahani uku ne ke biyo baya, kuma kowanne zan kawo maku misalinsa.

Na farko, ido yakan daina ganin abin da ke gefe. A 1973 wasu masana halayyar ɗan Adam biyu, John Darley da Daniel Batson, sunka buga sakamakon wani gwaji da sunka yi a garin Firinston na Amurka, da ɗaliban wata makarantar horar da limaman coci. Kowane ɗalibi an tura shi wani gini ya je ya gabatar da jawabi. Wasu an ce masu akwai sauran lokaci, wasu kuma an ce masu sun makara, ana can ana jiransu. A kan hanyar an ajiye wani mutum zaune a sunkuye, yana tari yana nishi kamar mai ciwo. Cikin waɗanda anka ce suna da lokaci, kashi 63 cikin 100 sun tsaya sun taimake shi. Cikin waɗanda anka ce sun makara, kashi 10 kaɗai. Abin mamaki, wasu daga cikin ɗaliban jawabin da za su je gabatarwa kan taimakon wanda ya faɗi a bakin hanya ne, kuma har da wanda ya tsallake mutumin ya wuce. Ku lura, ƙannena, ilimin yana nan a kansu. Kalma ɗaya, wato "kun makara", ita ta rufe masu ido.

Na biyu, kunne yakan toshe. Ranar 27 ga watan Maris na 1977, a tsibirin Tenerif na ƙasar Sipaniya, anka yi haɗarin jirgin sama mafi muni a tarihi. Bam ya fashe a wani filin jirgi da ke kusa, sai anka karkato jirage da yawa zuwa ƙaramin filin Tenerif. Cikinsu akwai manyan jirage biyu ƙirar Boeing 747, ɗaya na kamfanin KLM na Holan, ɗaya na Pan Am na Amurka. An yi awoyi ana jira. Matuƙin KLM ba ƙaramin matuƙi ba ne, shi ne babban mai horar da matuƙan wannan jirgi a kamfaninsu. Sai dai dokar ƙasarsu ta ƙayyade awoyin da matuƙi zai yi yana aiki, kuma awoyinsa na gab da cika. In sun cika, sai dai a kwana, a nema wa ɗaruruwan fasinjoji masauki, jadawalin kamfani ya rikice. Ga kuma hazo yana ta rufe filin. Da ya juya jirginsa a bakin titi, sai ya fara gudun tashi alhali hasumiya ba ta ba shi izinin tashi ba. Injiniyan da ke zaune bayansa ya yi tambaya ko jirgin Pan Am ya fita daga titin. Matuƙin ya amsa da ƙarfi cewa ya fita. Ashe yana nan cikin hazo. Mutum 583 sunka mutu.

Tambayar da za ta ceci rayukan nan an yi ta, a cikin ɗakin tuƙin, da bakin wanda ke ƙasa da matuƙi a muƙami. Gaggawa ta hana babba saurare, nauyin babba kuma ya hana ƙarami nanatawa. Bayan wannan ne kamfanonin jirage sunka shiga koya wa ma'aikatansu yadda ƙarami zai tsayar da babba idan ya ga haɗari, kuma anka tsaurara kalmomin da ake magana da hasumiya don kada a sake jin izini inda ba a bayar ba.

Na uku, tsoron asara yakan tura mutum ga caca. Daniel Kahneman da Amos Tversky sun bayyana wannan a 1979, kuma Kahneman ya samu kyautar Nobel a 2002. Bari in juya maku shi da kuɗinmu. In an ce ma: ga jika 5 na sefa ka karɓa hannu da hannu, ko kuwa a jefa kwabo, ko ka samu jika 10 ko ka tashi babu komai, yawancin mutane jika 5 ɗin za su karɓa. Amma in an juya zancen, an ce: ko ka yi asarar jika 5 tabbas, ko a jefa kwabo, ko ka yi asarar jika 10 ko ka tsira gaba ɗaya, yawancin mutane kwabon za su ce a jefa. Lissafi ɗaya ne, amma zafin rashi ya fi daɗin samu ƙarfi a zuciya, kusan ninki biyu. To ku ɗora agogo a kan wannan hali. Wanda ya ga abu zai kuɓuce masa nan da minti kaɗan, shi ne ke ɗaukar kasadar da in da natsuwa ko da kuɗi ba zai ɗauka ba. Shi ya sa saurayin da cacar ƙwallo ta salula ta cinye wa jari yakan zuba sauran abin da ke hannunsa a mintocin ƙarshe na wasa, wai ya maido da abin da ya tafi.

Kada wani ya ce shi imaninsa ya fi ƙarfin wannan. A shekara ta 3 bayan Hijira, ranar Uhudu, Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya ajiye maharba kusan 50 a kan wani tudu, ya shugabantar da Abdullahi ɗan Jubairu, ya umarce su kada su bar wurin ko an yi nasara ko ba a yi ba. Da abokan gaba sunka juya da gudu, mafi yawan maharban sunka ga kamar yaƙi ya ƙare, ga shi ana tattara ganima, sai sunka sauko. Shugabansu ya tunatar da su, kaɗan ne sunka tsaya tare da shi. Halidu ɗan Walidu, wanda a lokacin bai musulunta ba, ya zagayo da mahaya dawaki ta baya. Musulmi kusan 70 sunka yi shahada a ranar. Allah Ya yafe masu, Ya ƙara masu yarda. Darasinmu shi ne: umarnin da anka bayar cikin natsuwa tun da safe shi ne daidai, abin da ido ya gani cikin hanzari shi ya ruɗe su. In haka ta samu waɗanda sunka fi mu, ni da kai ina muka tsaya?

Mu dawo gida

A daren 5 wayewar 6 ga watan Mayu na 2019, wata tankar mai ta kife kusa da filin jirgin saman Yamai. Mutane sunka fito da jarkoki da bokitai suna kwasar man da ke malala. Wuta ta tashi. Fiye da mutum 50 sunka mutu nan take, wasu sunka cika daga baya a asibiti. A watan Oktoba na 2024 irin haka ta faru a garin Majiya na jihar Jigawa a Nijeriya, inda fiye da mutum 150 sunka rasu. Allah Ya jiƙansu. Cikin waɗannan bayin Allah akwai wanda bai san fetur na kama wuta ba? Babu. Amma akwai agogo a kan kowa: kafin wasu su kwashe, kafin jandarmomi su iso. Ido yana kan jarka, bai ga tururin man ba. Tururin nan kuwa shi ne ke kamawa. Ya fi iska nauyi, yana bin ƙasa yana yaɗuwa nesa da motar, kuma tartsatsi ɗaya daga injin babur ya ishe shi.

Ga wani lissafi kuma ga masu babura. Tafiyar kilomita 5 ce cikin gari. In kana gudun 40, minti 7 da rabi za ka yi. In ka taka 60, minti 5. Ribarka duka minti 2 da rabi. Me ka biya? Ƙarfin bugun da za ka yi wa abin da ka ci karo da shi ya ninka fiye da sau biyu, tazarar da birki ke bukata kafin ka tsaya ita ma haka. Kuma a gudun 60, cikin daƙiƙa ɗaya da kake yi tsakanin ganin yaro ya faɗo titi da taka birki, ka riga ka ci mita kusan 17. Ku tuna da wannan a watan azumi, sa'ad da rana ta kusa faɗuwa kowa ke tsere ya kai gida. Dabino ɗaya a aljihu ya fi minti 2 da rabi araha.

Gaggawar da ake ƙirƙira maka

Yanzu ku saurara da kyau, don nan ne matasa sunka fi faɗawa. Akwai mutanen da sana'arsu ke nan su ɗora maka agogo. Sun san abin da na bayyana maku, ko da ba su karanta shi a littafi ba. Ɗan damfara ba ya ce ma ka je ka yi tunani ka dawo jibi. Cewa zai yi ƙanenka ya yi haɗari, ana jiran kuɗi kafin a shiga da shi tiyata. Ko ya ce ka ci kyauta, ka faɗi lambar sirrin da ta shigo salularka cikin minti 5 in ba haka ba a ba wani. Tsarin MMM da ya shiga Nijeriya da alƙawarin ribar kashi 30 cikin 100 a wata guda, da irin wannan kiɗa ya ja mutane: shiga yau, na gaba da kai sun riga sun kwasa. A watan Disamba na 2016 anka rufe asusun mutane, masu yawa ba su sake ganin kuɗinsu ba.

Haka mai haɗa tafiyar hamada. Zai ce ma wuri ɗaya ya rage a mota, gobe za a tashi, in ba ka biya yau ba wani na nan da kuɗinsa a hannu. A watan Oktoba na 2013 an tsinci gawarwaki 92 a hamada arewa da Arlit, kusa da iyakar Aljeriya: yara 52, mata 33, maza 7, mafi yawansu daga yankin Kance na jihar Damagaram. Motocinsu ne sunka lalace, ƙishirwa ta kashe su. Talauci ne ya fitar da su daga gida, kuma shi ke fitar da samarinmu har yau. Amma wanda zai shiga wannan hanya yana da haƙƙin ya san motoci nawa ne za su tafi tare, ruwa nawa anka ɗauka, akwai kayan gyara, direban ya san rijiyoyin hanya, wa zai nemi labarinsu in ba su isa ba. Duk wanda ya hana ka lokacin yin waɗannan tambayoyi, ya riga ya ba ka amsarsu.

Gaggawar ƙarya tana da alamomi uku, ku haddace su. Tana cewa yanzu yanzu. Tana cewa kada ka faɗa wa kowa. Kuma abin da take nema abu ne da ba ya dawowa: kuɗin da anka tura, lambar sirri, sa hannu a takarda, hawa mota. In biyu daga cikin ukun nan sun haɗu, tsaya. Ihun "ɓarawo" a kasuwa da saƙon WhatsApp mai cewa a tura wa kowa tun ba a goge ba, su ma ƴan gidan ne. Jita-jitar da ka yaɗa da dukan da ka kai wa mutum ba ka san laifinsa ba, babu mai maido su.

Gaggawar gaskiya

Kada ku tashi daga nan ku ce malam ya ce a yi ta jinkiri. A'a. Hausawan da sunka ce sauri ya haifi nawa, su ne kuma sunka ce a bari ya huce shi ke kawo rabon wani. Akwai inda jinkiri ke kisa.

Macen da jini ya ɓalle mata bayan haihuwa tana iya mutuwa cikin awa 2 in ba a tsayar da shi ba, ko da lafiyayya ce. A 1994 wasu masu bincike biyu, Sereen Thaddeus da Deborah Maine, sun kasa abin da ke kashe mata wajen haihuwa zuwa jinkiri uku: jinkirin yanke shawarar a tafi asibiti, jinkirin isa can, da jinkirin samun kulawa bayan an isa. Na farkon a cikin gidajenmu yake faruwa. Ana jiran maigida ya dawo daga kasuwa ya ba da izini, ana neman wanda zai ranta kuɗi, ana gwada jiƙe-jiƙe, jini kuwa bai san jira ba. Sanƙarau ma haka: zazzaɓi mai zafi da ciwon kai da sanƙarewar wuya suna iya kai mutum kushewa cikin yini da kwana. Ƴan Yamai ba su manta da 2015 ba, shekarar da har makarantu anka rufe saboda shi. Yaron da zazzaɓin damina ya kai shi ga suma ko fizge-fizge, shi ma ba na bari sai gari ya waye ba ne.

To, in gaggawa na lalata tunani, jinkiri kuma na kisa, ina mafita?

Ku duba waɗanda aikinsu kullum cikin gaggawa yake. A shekarun 1980 wani mai bincike, Gary Klein, ya bi shugabannin ƴan kwana-kwana a Amurka yana tambayarsu yadda suke zaɓar abin yi a gaban wuta. Ya tarar yawancin lokaci ba sa jera hanyoyi su auna. Da sun ga wutar sai su gane irinta, saboda sun ga ɗaruruwa kafin ta, hanyar da ta dace ta faɗo masu, su gwada ta a zuci, su aikata. Ranar 15 ga watan Janairu na 2009, wani jirgi ya tashi daga birnin Niyok da mutum 155, ya ci karo da garken tsuntsaye, injinansa biyu duka sunka mutu. Matuƙin, Chesley Sullenberger, bai samu ko minti 4 cikakku ba. Ya sauke jirgin a kan kogin Hudson, kowa ya tsira. Shekara kusan 40 ya yi yana tuƙi, yana kuma horo kan irin wannan rana, mataimakinsa kuma nan take ya buɗe jerin matakan da anka rubuta tun tuni don mutuwar inji. Saurinsu daga tanadin shekaru ya fito.

Tsohon manomi a ƙauyenku haka yake. Ruwan fari ya sauka, ƙasa za ta bushe cikin kwana ɗaya ko biyu, dole a yanke shawara. In ka shuka ruwa ya ɗauke, iri ya ƙone. In ka jira, damina ta gajarce maka. Masu binciken cibiyar ICRISAT da ke Sadore kudu da Yamai suna ɗaukar cewa damina ta kama ne idan an samu ruwa milimita 20 cikin kwana 3 a jere, ba a kuma yi farin da ya wuce kwana 7 ba a cikin kwana 30 masu biyowa. Tsoho ba shi da ma'auni, amma yana tona ƙasa da hannu ya ga inda laima ta kai, kuma yana da doka guda da ba ya karyawa: ba ya zuba irinsa duka a ruwan fari, yakan rage na sake shuka. Tsarin warantaji da ƙungiyoyin manoma ke yi a ƙasar nan shi ma sayen lokaci ne. Maimakon bashi ya sa ka sayar da hatsi da wake da arha a kaka, sai ka ajiye su a sito, a ba ka rance a kansu, ka sayar sa'ad da farashi ya tashi.

Abin da za ku riƙe

Na ɗaya, in an matsa maka, tambayi kanka: wa ya kafa agogon nan, kuma me zai faru in na bari sai gobe? In amsar ita ce wani zai mutu ko ya naƙasa, tashi da gudu. In amsar ita ce riba za ta wuce ni, zauna. Ribar da ba ta iya jiran kwana ɗaya, da wuya ta zama taka.

Na biyu, duba ko abin yana gyaruwa. Wanda in ka yi kuskure ana iya warware shi, yi shi da sauri, kada ka ɓata ranarka a kai. Wanda ba ya warwaruwa, irin su sakin aure cikin fushi, sayar da gonar gado, barin makaranta, shiga hamada, ba shi kwana uku aƙalla. Ku da ke zama a fada kun san ba a tashi daga shayi a kofin farko.

Na uku, kafa wa kanka dokoki yau, da kanka a sanyaye. Ba na kusantar tankar da ta faɗi. Ba na faɗa wa kowa lambar sirrina, ko da ya ce daga kamfani yake. Ba na tura kuɗi sai na kashe wayar na kira mai abin da kaina. Ba na ƙetare ƙoramar da ta ciko, ko a ƙafa ko a babur. Ba na hawa babur babu hular kwano. Amfanin doka shi ne ranar da hankalinka ya tsuke ba sai ka yi tunani ba, tunanin an riga an yi shi.

Na huɗu, ka samu mutum biyu da kake kira kafin kowane babban mataki, ɗaya ya girme ka, ɗaya kuma wanda ba ya jin nauyin ce ma a'a. Muna da shawara, muna da istihara, kuma dukansu lokaci suke bukata. Duk cinikin da ba zai bar ka ka yi raka'a biyu ka kuma gaya wa mahaifiyarka ba, bar shi.

Na biyar, in dole sai ka yi kasada, yi irin ta tsohon manomi. Rage iri. Kada jari duka, da kuɗin aure, da na amanar wani su shiga rami ɗaya.

Na shida, in kai ne ƙarami ka ga haɗari, faɗa da ladabi, in ba a ji ba ka sake faɗa. Direba na gudun ganganci da ku, yin shiru ba kunya ba ce. In kuma kai ne babba, ranar da kake sauri ita ce ranar da ka fi bukatar jin ƙaninka.

Ga aiki kuma ga rassanmu. Kowane reshe ya zauna cikin wannan wata ya rubuta sunayen masu mota da masu babur da sunka yarda a tashe su da dare. A buɗe ɗan asusun gaggawa, ko da dala ashirin ashirin ne a mako. Kowane memba ya je ya san rukunin jininsa. A gayyato ma'aikatan lafiya ko ƴan agajin Croix-Rouge su koyar da taimakon farko. Lambar ƴan kwana-kwana 18 da ta ƴan sanda 17 su zauna a kan kowa. Ku masu aure kuma, da masu shirin yi, tun ciki na wata shida ku zauna da iyali a tsayar da magana: wane asibiti za a je, wa zai kai, ina kuɗin yake. Ka ba matarka izinin tafiya tun yanzu, a gaban mahaifiyarka, don kada ranar da kake Agadas ko Kano a tsaya neman ka a waya.

Ƙannena, gaggawa za ta zo wa kowannenku, babu makawa. Wata ta gaskiya ce, wata kuma wani ne ya ƙulla ta don abin da ke aljihunka. Ranar da ta zo ba za ka samu sararin koyon komai ba, abin da ka tanada shi za ka ɗauka. Yau da kuke zaune a inuwa, cikinku da abinci, babu mai kora, yau ce ranar fafe gora.

Allah Ya ba mu natsuwa a inda natsuwa ta dace, Ya ba mu zafin nama a inda rai ke jiran taimako, Ya kuma ba mu basirar rarrabe su. Allah Ya jiƙan waɗanda sunka riga mu, Ya maida kowa gidansa lafiya.